Bencin Tunawa da Masu Fasaha a Lambunan Birane

Bencin tunawa doguwar kujera ce ta katako ko ƙarfe da ake kafawa a lambun shaƙatawa na gari, a manna mata ɗan allon tagulla mai ɗauke da sunan mamaci da shekarun haihuwarsa da rasuwarsa. Al'adar ta fi ƙarfi a Birtaniya da Ireland da Amurka. Idan mamacin mawaƙi ne ko marubuci ko mai zane, galibi abokai da masoya ne ke haɗa kuɗi, hukumar gari ta ba da wuri.

Bambancinsa da mutum-mutumin da ake ɗorawa bisa dakali shi ne amfani. Wancan ɗaga kai ake yi a kalle shi. Benci kuwa zama ake yi a kansa, har wanda bai taɓa jin sunan mamacin ba yakan huta a wurin. Shi ya sa zaɓen wuri ya fi adon bencin muhimmanci. Patrick Kavanagh, mawaƙin Ireland, ya saba zama a bakin Grand Canal a Dublin lokacin da yake murmurewa daga tiyatar huhu a 1955, kuma a wata waƙarsa ya nemi a tuna da shi da wurin zama a bakin ruwa. Ya rasu a 1967, abokansa suka cika masa buri a 1968. A 1991 aka ƙara wani bencin mai mutum-mutuminsa a zaune, aka bar gefe ga mai wucewa. Na farkon ya fi dacewa da abin da ya roƙa, amma na biyun masu yawon buɗe ido suka fi sani.

A Landan, bencin mawaƙiya Kirsty MacColl yana dandalin Soho Square, wurin da ta yi wa waƙa. An kafa shi a 2001, masoyanta kuma kan taru a can duk watan Oktoba, watan haihuwarta. Na mawaƙi Ian Dury a Richmond Park, wanda aka buɗe a 2002, da farko an haɗa shi da na'ura mai aiki da hasken rana don mai zama ya saurari waƙoƙinsa. Akwai kuma waɗanda jama'a suka naɗa da kansu: bencunan Viretta Park a Seattle, kusa da gidan mawaƙi Kurt Cobain, masoya sun cika su da rubuce-rubuce tun rasuwarsa a 1994.

Sai batun kuɗi. Tun 1986 Central Park na New York ke ba mutane damar sanya allo a benci, a kan gudummawar da ta taɓa kaiwa dala 10,000. A irin wannan tsari aljihun dangi ake dubawa, ba aikin mamacin ba. Ƙananan hukumomi da yawa a Birtaniya kuma kan ƙayyade wa allon wa'adi, sau da yawa shekara 10, bayan haka a sabunta biya ko a cire shi.