Sabuntar Jigo da Salo a Matsayin Ma'aunin Ƙagaggen Labari: Waiwaye Kan Abubakar Imam

Tun daga muhawarar da aka tafka a shekarun 1990 kan littattafan da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, babban laifin da manazarta ke ɗora wa marubutansu shi ne rashin sabuntar jigo: soyayya ce kullum, wani lokaci ma da ƙanshin finafinan Indiya. Wannan maƙala na ganin ma'aunin yana da rauni, domin in aka aza shi kan littattafan da ake alfahari da su, su ma ba za su tsira ba.

A gasar da R. M. East ya shirya a Zariya a 1933, Ruwan Bagaja na cikin littattafai biyar da aka zaɓa. Amma wasan kura da ake yi tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe yana da tushe a Muƙamatul Hariri. Magana Jari Ce kuwa ya fi shi yawan aro. Akun da ke shagaltar da ɗan sarki da labarai daga adabin Indiya ya taso. "Labarin Sarkin Busa" da na "Kalala da Kalalatu" kuma tatsuniyoyin Jamus ne.

To, ina gwanintar take? Tana cikin salo. Matar da ta cinye kajin baƙo, ta kuma razana shi da wuƙar da maigida ke wasawa, ba Imam ya ƙirƙire ta ba. Shi dai ya aurar da ita a gidan Bahaushe, ya ba ta suna, ya sa mata bakin matan gida, har mai karatu ya rantse ya san unguwarsu. Wannan aiki ne na zaɓen kalma da karin magana da sanin inda raha za ta faɗo, kuma ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin lura, Jiki Magayi na John Tafida da East, wanda jigonsa na auren kuɗi da ramuwar gayya ya fi kusa da rayuwar zahiri, bai sami karɓuwar Ruwan Bagaja ba.

Saboda haka tuhumar da ta dace da littattafan Kano ita ce ta sakacin zubi da tsari, kuma sai an bi su ɗaya bayan ɗaya kafin a yanke hukunci. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991) ya cancanci irin wannan bibiya, babi bayan babi.