3.4 Ra'ayin Polanyi Kan Sanin da Ba Ya Faɗuwa

Kamar yadda aka gani a sashen da ya gabata, wasu masana sun ɗauka cewa kimiyya ƙa'idoji ce rubutattu, duk wanda ya bi su zai sami sakamako iri ɗaya. Michael Polanyi (1891-1976), masanin sinadarai haifaffen Budapest, ya ƙalubalanci wannan ra'ayi a littafinsa Personal Knowledge na 1958. A ganinsa, akwai wani sani da ke tattare da mai bincike wanda baki ba ya iya bayyana shi, sai dai a koya ta hanyar zama da gwani. Ya ba da misali da ɗalibin likitanci: idan aka nuna masa hoton ƙirji, da fari inuwar haƙarƙari kawai yake gani, amma bayan makonni yana sauraron malamansa sai alamun cuta su fara bayyana gare shi.

Wannan magana tana da madafa. A binciken da Harry Collins ya buga a 1974 kan ƙera wata na'urar leza, an ga cewa waɗanda suka dogara da takardu kawai ba su yi nasara ba, sai waɗanda suka yi hulɗa da masu ƙera ta.

Sai dai raunin ra'ayin ya fito fili a tarihin shi kansa Polanyi. A 1921, a Berlin, ya gabatar da bayaninsa kan yadda iskar gas ke manne wa jikin abu mai tauri. Einstein da Haber, waɗanda babu mai shakkar ƙwarewarsu, suka yi watsi da shi. Daga baya, bayan aikin Fritz London a 1930, aka gane cewa bayanin yana da tushe. Wato ke nan hukuncin gwanaye ne ya yi kuskure. Abin mamaki, a maƙalarsa ta 1963 Polanyi bai zarge su ba, ya ma nuna cewa dole ne kimiyya ta riƙa tsare abin da ta yarda da shi, ko da wani lokaci za a danne gaskiya.

A nan ne matsalar take. Idan sanin gwani ba ya faɗuwa, da me za a auna shi ranar da gwanaye biyu suka saɓa? Polanyi ya mayar da al'amarin ga taron masana, alhali kuwa taron masanan ne ya ƙi bayaninsa a Berlin.