Daga Kaset zuwa Memori: Tasirin Kasuwa a kan Zubin Fim ɗin Hausa

Ɗalibi mai tarken fim ɗin Hausa yakan fara da jigo da salo, ya manta da kasuwa, alhali hanyar da fim ke bi ya isa ga mai kallo tana da hannu a zubinsa. Bari mu ɗauki Djougou a arewacin Jamhuriyar Benin, tsohon zangon fataken goro tsakanin Kano da Gwanja. Dendi ya fi Hausa yawo a bakin mutanen garin, amma masu jin Hausa na nan, kuma suna kallon finafinan Kano.

Tun daga Turmin Danya (1990), fim haja ce. Dillalan Ƙofar Wambai ke rarraba shi, kaset ya bi 'yan kasuwa har ƙetare. Shi ya sa ake raba labari kashi biyu, a cusa masa waƙoƙi, domin waƙa ke sayar da kaset. Da waya da memori suka zo, sai mai tura finafinai a rumfa ya maye gurbin dillali. Ya tura goma, furodusa bai ga ko sisi ba. Doka kam akwai: Benin na da hukumar BUBEDRA, Nijeriya kuma ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022. To amma wane furodusa zai taso daga Kano ya kai ƙarar mai rumfa a Djougou? Kuɗin mota ma ya fi diyyar.

Dabarar da aka koma wa ita ce bayarwa kyauta, talla ta biya. A 2020 Izzar So ya fito a YouTube, Labarina na Aminu Saira kuma ya fara a Arewa24 kafin ya koma can. A ganina an sami riba: taurari na samun sararin girma, rawa ta ja baya, zance ya riƙe labari, wanda abin so ne ga mai nazarin harshe. Illar ita ce jan labari. Tunda daɗewar kallo ke kawo kuɗi, rikicin da zai mutu a fitowa ɗaya sai ya ci mako uku.

Wanda kuwa ya karɓi fim ɗin a rumfa don tsadar data, YouTube bai ƙirga shi ba. Marubuci bai san da shi ba, balle ya sa Hausar zango a bakin wani tauraro.