Hoton Matar da Aka Ɓoye Sunanta

A shekarar 1907 Gustav Klimt, gwanin zane na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, ya gama hoton Adele Bloch-Bauer, matar wani attajiri Bayahude mai masana'antar sukari. Gwanintar ba ta ɓuya ba, amma fa adon ya yi yawa. Ya lulluɓe matar da zinariya har rigarta ta saje da bango, ba abin da ya rage na ɗan Adam sai fuska da kafaɗu da hannuwa a harɗe. Mai kallo yakan yabi zinariyar kafin ya lura da mai ita.

Da Hitila ya haɗiye Ostiriya a 1938, mijin, Ferdinand, ya gudu, aka wawashe dukiyarsa. Hoton ya faɗa gidan ajiyar zane na gwamnati, aka kawar da sunan Bayahudiyar, aka riƙa ce masa "Mace cikin Zinariya". Watau abin da mai zane ya soma da ado, ɓarayi suka ƙarasa da gangan.

Bayan yaƙi Ostiriya ta riƙe hoton, wai Adele, wadda ta rasu a 1925, ta yi wasiyya a bai wa ƙasa. Wannan hujja ba ta da ƙwari: mijin ne ya biya mai zane, ita roƙonsa kawai ta yi, ba a kuwa yin wasiyya da dukiyar wani. Sai a 2006, bayan magana ta kai Kotun Ƙoli ta Amurka, masu sulhu a Ostiriya suka yanke a mayar wa magada, cikinsu har da Maria Altmann, 'yar ɗan'uwan Ferdinand, lokacin ta kusa shekara 90. Yanzu hoton yana birnin Niyok.