Dajin Fatalwa da Yaron da Yaƙi Ya Kora

A shekarar 1954 kamfanin Faber and Faber na London ya buga littafin Amos Tutuola na biyu, My Life in the Bush of Ghosts, watau zaman da wani ya yi a dajin fatalwa. Tutuola Bayarabe ne, an haife shi a Abeokuta a 1920, ya rasu a 1997. Shekara shida kaɗai ya yi a makaranta, ya koyi ƙira, daga baya ya zama masinja a Ikko. Waɗansu 'yan bokon Nijeriya sun raina shi, suka ce Turancinsa karyayye ne, labarinsa kuwa tatsuniyar tsofaffi ce. Amma wanda ya tsaya kan Turanci ya bar jaki yana dukan taiki.

Ga yadda labarin ya ke. Yaro ne ɗan shekara bakwai, ubansa na da mata uku. Ran da yaƙi ya ci garinsu, uwarsa ta tafi kasuwa, kishiyoyinta suka kwashe 'ya'yansu suka gudu, ba su ce masa kome ba, shi da wansa. Da gudu ya gagare shi, aka rabu a gindin wani itace, tsoron bindiga ya tura shi cikin dajin da ɗan Adam ba ya shiga. Bai fito ba sai bayan shekara 24.

Abin da ya gani a can kamar mugun mafarki ne. Wani fatalwa mai wari ya jefa shi cikin buhu, ya mai da shi doki ya hau, ya mai da shi raƙumi ya ɗora masa kaya. Ya rikiɗa ya zama saniya don ya tsira, sai aka kama shi, aka kai shi kasuwa aka sayar. To, mai karatu ya lura. A kama mutum, a ɗora masa kaya, a yi cinikinsa a kasuwa, wanne ne daga ciki ba a yi wa bawa ba? Tutuola bai ƙaga azabar ba, fuskar masu yinta kawai ya sake. Yaron da ba shi da bakin faɗin abin da mutane suka yi masa, sai ya ba da shi da sunan dodanni.

Shaidar wannan tana ƙarshen littafin. Sa'ad da ya komo duniyar mutane, a gindin itacen nan da ya bari, nan take masu farautar bayi suka kama shi. Wanda ya saye shi kuwa wansa ne, bai gane shi ba sai da ya ji shi yana wata waƙa tasu ta ƙuruciya. Ashe farkawa ba ta fi mafarkin sauƙi ba.

Bahaushe ya san irin wannan ciwo daga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934. Shi ma Umar an sace shi yana ƙarami, aka ƙetare hamada da shi, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma aka sayar da ita. Amma Ɓalewa da natsuwa ya ke magana, irin ta malami a gaban almajirai. Umar ya yi karatu, ya zama babban malami, kamar ya manta, sai mafarki ya zo masa da dare ya tuna masa uwarsa, hankalinsa bai sake kwanciya ba. Abin da Ɓalewa ya taƙaita a dare ɗaya, shi Tutuola ya shimfiɗa ya zama littafi sukutum.

Littafin Tutuola ba ya rasa aibu. Garuruwan fatalwa suna bin juna ba tsari, har a kan iya ɗauke babi guda ba a ji an rasa kome ba, ƙazanta da wari kuma sun yi yawa, har tsoro ya kan koma gajiya. A wajen tsara labari Ɓalewa ya fi shi nesa. Duk da haka akwai abin da Tutuola ya gane wanda Ɓalewa bai taɓa ba: yaron ya saba da dajin, ya yi aure sau biyu a can, ya sami muƙami a garin da wani ɗan'uwansa matacce ya kafa coci da makarantu, har komawa gida ta fara fita daga ransa. Wanda ya daɗe cikin wahala ya kan mai da ita gida.

Saboda haka ɗalibi ya karanta littattafan nan biyu tare. A cikin Shaihu Umar zai ga yadda aka yi cinikin bayi, daga Kano har Tarabulus. A cikin na Tutuola zai ji yadda abin ya ke a zuciyar yaro ɗan shekara bakwai.