2.4 Tarken Hanyar Fassara da Tantance Ma'aunin AUDIT

A wannan sashe za a dubi ma'aunin nan mai suna AUDIT, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 1989 domin gano masu shan giya har ta kai ga cutarwa. Saunders da abokan aikinsa (1993) sun bayyana cewa an gwada shi a ƙasashe shida, wato Ostireliya da Bulgeriya da Kenya da Meziko da Norwe da Amurka. Ma'aunin ya ƙunshi tambayoyi goma, makinsa daga 0 zuwa 40, kuma wanda ya sami maki 8 ko fiye ana ɗaukarsa yana cikin haɗari.

Hanyar da aka fi bi wajen fassara irin wannan ma'auni ita ce wadda Brislin (1970) ya shahara da ita. Wato mutum ɗaya ya fassara, wani dabam ya mayar da fassarar zuwa harshen asali, sannan a kwatanta. Sai dai wannan hanya tana nuna daidaiton kalmomi ne kawai, ba ta nuna ko mai amsawa ya fahimci abin da ake nufi.

Misali na farko shi ne awo. Ma'aunin ya ɗauki "sha ɗaya" a matsayin giram 10 na sinadarin da ke bugarwa. Kwalbar giya mai mililita 600, mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, tana ɗauke da kusan giram 24, wato fiye da sha biyu ke nan. Burukutu kuwa a ƙwarya ake shan sa, kuma ƙarfinsa ya danganta da yadda aka dafa shi. Idan mai fassara ya rubuta "kwalba nawa", to makin tambaya ta biyu da ta uku zai ragu, a sallami mai buƙatar magani a matsayin lafiyayye.

Misali na biyu ya shafi al'ada. Tambaya ta bakwai tana neman sanin ko mutum yakan yi nadama bayan ya sha. A wurin Musulmi, wanda ya san giya haramun ce, kurɓi ɗaya ya isa ya jawo nadama, don haka makinsa zai hau ba don yawan sha ba. Haka kuma kunya za ta iya sa shi ya ɓoye gaskiya tun daga tambaya ta farko.

Bisa ga haka, fassara kaɗai ba ta wadatar ba. Wajibi ne a karanta wa mutane tambayoyin, a ji yadda suka fahimce su, sannan a kwatanta makinsu da sakamakon binciken likita. Ta haka ne kawai za a san ko maki 8 ya dace da masu jin Hausa, ko kuwa sai an sauya shi.