Ciwon diddige: tausa, miƙa jijiya ko ɗaga dunduniya?

Idan kana cikin masu tashi sallar asuba su taka ƙasa su ji kamar ƙusa ta soke su a diddige, sai an ɗan yi tafiya ya lafa, to galibi matsalar tana wata faffaɗar jijiya da ta tashi daga ƙashin diddige zuwa gindin yatsu. Likitoci na kiran ciwon plantar fasciitis. Manomin Dodoru da ke wuni a tsaye a gona da silifas, ko mai taka sayyada zuwa Gwandu, ya san shi.

Abin da ake fara nema shi ne mai tausa. To me bincike ya ce?

A 2011, Renan-Ordine da abokan aikinsa sun raba mutum 60 gida biyu. Kowa ya riƙa miƙa jijiya, amma rukuni ɗaya an ƙara masa danna ƙullutun da ke cikin naman sharaɓa. Bayan mako 4, masu tausar sun fi samun sauƙi. A 2009 kuma, binciken Cleland ya nuna motsa gaɓoɓin ƙafa da hannu tare da atisaye ya fi na'urorin gashi tare da atisaye.

Sai dai ka lura: a duka biyun ba a gwada tausa ita kaɗai ba. Mutanen kaɗan ne, kuma wanda ake taɓawa ya san ana taɓa shi, wannan kaɗai kan sa mutum ya ce ya ji dama. Mako 4 kuma ya yi kaɗan ga ciwon da kan ɗauki watanni.

A 2003, DiGiovanni a Amurka ya kwatanta miƙa agara da miƙa jijiyar tafin ƙafar kanta. Ta biyun ta fi bayan mako 8. Ga yadda ake yi: ka zauna, ka ɗora ƙafar mai ciwo a kan ɗaya gwiwar, ka ja yatsun baya har ka ji tafin ya ɗame. Ka riƙe daƙiƙa 10, sau 10, sau uku a rana, na farko tun kafin ka sauko daga gado.

Binciken Rathleff a Denmak, mai mutum 48, ya gwada ɗaga dunduniya a hankali a bakin matakala, da tawul a ƙarƙashin yatsu. A wata 3 ya fi miƙawa, amma a wata 12 sun zo daidai.

Hukuncinmu: tausa ƙari ce, mai kyau idan an samu wanda ya iya. Ginshiƙin shi ne abin da za ka yi da kanka kullum, kyauta, tare da takalmi mai laushin diddige. Wanda ya ce hannunsa zai warkar da kai a zama uku, bincike bai goyi bayansa ba. Tsaga a diddige kuwa, ƙofar ƙwayoyin cuta kawai za ta buɗe.

Idan kana da ciwon suga, ko ƙafar ta kumbura, ta yi zafi, ko tana sagewa, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa, kada ka tsaya tausa. Ka nufi asibiti a Birnin Kebbi a duba ka.